Baba, Wanda Ya Kai Ƙarar Kansa

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Baba ya riga mu komawa ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar yankan dawa. Kafin in iso daga Funtua, inda nake aure, gidanmu ya cika. Na ratsa maza a ƙofar gida kaina a sunkuye, na tarar da Inna zaune a bakin ɗakinta, idonta a bushe, tana kallon zaure. Ban gama zama ba ta ce mini, "Ba a yi mashi wanka ba. Ana jiran Baffanku."

Baffa ba ɗan'uwan Baba ba ne na jini. Amininsa ne tun suna samari suna auna taki a kwano a bakin tasha, mu kuma muka buɗe ido muka gan shi kullum a gidanmu, muka sa masa Baffa. Akwai alkawari tsakaninsu wanda ko kajin gidanmu sun san da shi: duk wanda ya riga mutuwa, ɗayan ne zai yi masa wanka, ya sa shi a kabari da hannunsa. Sun yi shekaru ba sa magana, amma Baba bai taɓa cewa alkawarin ya tashi ba. Ƙanena ya aika masa, ya sake aikawa. Rana ta take. Liman ya ce haƙƙin gawa ne a gaggauta, ba a ajiye ta don jiran mai rai. Shi da ƙanen Baba suka yi wankan. Har aka fita da makara Inna ba ta ɗauke idonta daga zauren nan ba.

Mutane sun zo, ba zan yi wa Allah butulci ba. Manoma sun zo daga Maska da Danja da Dayi, wasu ƙafarsu da ƙurar gona. Wata tsohuwar Bafulatana mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta a tsakar gida, ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Ayya, mai huda jarka ya tafi." Matar nan 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da tukwane kusa da shagonsa ta shigo da mayafi na aro, ta zauna tana kuka kamar ubanta ne. Amma abin da na fi ji a bakin matan garinmu shi ne, "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, sai dai..." Daga nan su yi shiru, su gyara mayafi. Wannan "sai dai" ɗin ne ya hana ni barci, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan. Ban yarda a tuna da ubana da rabin magana ba.

Sana'ar Baba sayar da maganin gona ce: na ciyawa, na ƙwari, na feshin wake da auduga, da famfunan feshi. Shagonsa yana layin masu magani a bakin titi, na Baffa yana jikin nasa, kuma a sito ɗaya, na Baba, suke ajiya a bayan layin. A tsakanin ƙofofinsu akwai wani dogon benci. A nan suke shan shayi bayan la'asar, suna musu a kan abin da bai shafe su ba.

Tun ina ƙarama na san Baba yana tsoron kayansa. Yakan ce, "Wannan kaya bai san ubangidanshi ba." Ba ya cin abinci a cikin shago, ko goro sai ya fito waje ya wanke hannu. In ya dawo gida, a zaure yake tuɓe rigar shago, ya yi wanka, sannan ya yarda wani yaro ya taɓa shi. Ni ce 'yar fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, kunyar da iyayenmu suka gada ke nan. "Ke" yake ce mini. Na daɗe ina zaton ƙyamata yake yi in na ruga zan rungume shi ya ce, "Ke, tsaya nan." Sai da na yi hankali na gane daga nesa ma so ne.

Sai maganar jarka. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san ba a yar da jarka mai kyau. A wanke ta da toka da omo, ta zama ta man gyaɗa, ta kunu, ta ruwan zuwa gona, ko a yanke ta a yi buta. Baba kuwa yana da wata doguwar ƙusa a rataye a ƙofar shago. Duk jarkar maganin da ta ƙare, sai ya ɗauraye ta, ya huda gindinta ya huda cikinta. Manomi in ya sayi magani, sai ya roƙe shi ya dawo da jarkar. Masu tallan nono sun sha zaginsa da Fulatanci, yana dariya yana cewa ya ji, Allah ya ba su haƙuri.

Ko Inna ba ta tsira ba. Wata rana ta ga wata jarka ruwan ɗorawa mai faɗin baki, ta ɓoye ta a bayan rumbu, ta wanke ta har tana ƙyalli. Baba ya gano. A tsakar gida ya huda ta muna kallo.

"Malam, na wanke ta fa har da ruwan zafi," in ji Inna.

"Kin wanke abin da idonki ya gani," ya ce. "Wanda robar ta sha fa?"

"To Allah ya sa ranar da za ka sayo mani sabuwa in ji ana guɗa."

Kwana biyu tana zuba masa tuwo ba ta ce masa sannu. Ranar kasuwa ya shigo da sabuwar jarka a bayan keke, ya tsaya a zaure ya ce a fito a yi guɗar. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Jarkar tana nan har yau, da manja a ciki.

Ana nan sai ƙaramar hukuma ta fito da doka. Duba-gari suka zagayo suka ce duk mai ajiye magani mai guba dole ya riƙa sanar da ofishin lafiya irin abin da yake da shi da inda ya ajiye shi. In wa'adin wani ya wuce, a faɗa kafin a zubar. In ya zube ko ya malala, a kai labari nan take. 'Yan layi suka ce to, suka raka baƙi da fara'a, suka koma harkarsu. A ganinsu doka ce irin wadda kan zo da damina ta tafi da kaka. Baba kaɗai ya ɗauke ta da gaske. Duk ƙarshen wata sai ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya hau motar haya zuwa sakatariya, ya faɗa musu abin da ke shagonsa. Har ma'aikatan suka saba da shi, suna ajiye masa kujera. Baffa yakan hango shi yana dawowa ya ɗaga murya ya ce, "A ba Sakatare hanya. Ya ka baro gwamnatin?" Baba ya ce, "Tana gaishe ka, ta ce ko kana da rai." Su zauna su sha shayinsu. A lokacin duk wasa ne.

Wasan ya ƙare a wani watan Agusta. Aka yi ruwa tun azahar kamar da bakin ƙwarya. Bangon bayan sito ya jiƙa ya zauna, ya danne kwalaye da manyan jarkoki, ruwa ya shiga ta baya ya fita ta gaba. Ni a lokacin na zo wankan jego, ina gida. Ko daga zaurenmu ana jin warin, wani wari mai kama maƙogwaro. Ruwan ya yi fari kamar an dama koko, ya bi kwalbati ya gangara. Kuma duk wanda aka haifa a garinmu ya san inda kwalbatin nan take zubewa: babban kududdufin bayan gari, inda Fulani ke shayar da shanu, mata ke wanki, yara ke iyo, masu lambu ke ɗiba.

Da ruwa ya tsagaita 'yan layi suka taru a kan bencin nan. Ƙanena yana wurin, shi ya ba mu labari. Suka ce a zuba toka da yashi, a share, a kwashe fasassun jarkoki kafin gari ya farga. Wani ruwan zai zo ya wanke sauran. Abin da ya faru a layi a layi yake tsayawa, haka suka gada. Baba ya saurara har suka gama, sannan ya ce shi zai je ya faɗa.

Baffa ya dafa gwiwarsa ya ce, "Haba, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Damina ce fa, yanzu ne kasuwarmu. In suka zo ba kai kaɗai za su taɓa ba. Ka rufa mana asiri, Allah ya rufa naka."

Baba ya ce, "In na rufa naku, na masu shan ruwan can wa zai rufa?"

"Akwai kayana a ciki da wa'adinsu ya wuce, ka sani."

"Na sani. Na sha ce maka ka kai su."

"To in ka tafi, ni ka kai ƙara."

"Kaina zan kai," in ji Baba. "Sitona ne, bangona ne ya faɗi."

Bai tsaya sa farar riga ba. Ya tura ƙanena ya tsaya a bakin kududdufi yana korar mutane da dabbobi, shi kuma ya hau ɗan acaba da rigarsa jiƙe. Kafin magariba duba-gari sun iso. Aka zagaye kududdufin da igiya, mai shela ya bi unguwa-unguwa yana cewa kada a sha, kada a shayar, kada a yi wanka. Aka rufe sito, aka rufe layin gaba ɗaya har sai an bincika kowane shago. Aka kwashe duk abin da wa'adinsa ya wuce, kuma na Baffa ya fi na kowa yawa. Kafin a buɗe, manoma sun koma saye a Funtua da Malumfashi, lokacin feshi ya wuce. Baba ma ya yi asara kamar kowa, amma ba wanda ya lissafa tasa.

Washegari an ga kifaye da kwaɗi sun taso ciki sama. Iyakar abin da ya mutu ke nan. Ba saniya, ba yaro, ba kowa. Kuma wannan shi ne ya kashe Baba a idon mutane. Da wani ya mutu, da an ce ya yi gaskiya. Da yake ba wanda ya mutu, sai aka ce, "Kun gani? Ba abin da ya faru. A kan kwaɗi ya tona mana asiri." Na yi ta juya wannan magana a raina shekara da shekaru. Wanda ya tare masifa tun daga nesa ba shi da shaida, don abin da ya hana bai zo ba balle a nuna shi.

Ba wanda ya zage shi a fuska. Mutanenmu ba sa haka, sun fi iya shiru. In ya yi sallama a amsa a taƙaice. In ya doso majalisa hira ta mutu, wannan ya tuna ana kiransa a gida, wancan ya tuna bai yi alwala ba. Aka daina gaya masa ɗaurin aure sai ya ji a bakin yara. Baffa ya gina sabon sito shi kaɗai, ya toshe ƙofar shagonsa ta wajen benci, ya fasa wata ta ɗaya gefen. Masallaci ɗaya suke salla, wani lokaci sahu ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, in an sallame kowa ya nemi takalminsa.

Baba bai ɗauke bencin ba. Kullum bayan la'asar mai shayi ya kawo masa, shi kuma Baba ya zauna a gefensa na da, ya bar ɗaya gefen. In baƙo ya zo zai zauna a nan, sai ya ce, "Matso nan kusa da ni, can akwai rana." Babu wata rana, inuwar dalbejiya ce ta rufe wurin. Na taɓa saukowa daga mota na hango shi daga tsallaken titi, shi kaɗai, kofi a hannu, yana kallon manyan motoci na wucewa. Na tsaya a bayan wata rumfa na yi kukana na share, sannan na ƙarasa. Ya ɗago ya ce, "Ke, yaushe a gari?" kamar ba komai.

Na ce masa, "Baba, ka je ka same shi mana. Ko haƙuri ne ka ba shi a wuce wurin."

Ya ce, "Haƙurin asarar da ya yi na ba shi, har gida na bi shi. Amma so yake in ce na yi kuskure. In na faɗa na yi ƙarya, kuma shi ma ya san ƙarya ce." Ya juya kofin a hannunsa. "Zai zo. Zuciya gare shi, ba mugunta ba."

Duk babbar Salla sai ya aika da cinyar ragonsa gidan Baffa. Ana karɓa, ba a dawo da ita, ba a kuma aiko da godiya. Da matar Baffa ta kwanta asibiti, Baba ne ya tura ƙanena ya ba da jini, ya ce kada ya faɗi wanda ya aiko shi. Ƙarshen wata kuwa bai fasa sa farar rigarsa ba, har gwiwa ta fara gardama, yana tafiya yana dogara sanda. Yanzu ba mai tambayarsa ya ya baro gwamnati.

Ciwon da ya tafi da shi bai daɗe ba. Zuwana na ƙarshe na same shi a kan tabarma a zaure, ya sa an buɗe ƙofar waje wai yana son iska. Ni na san ba iska yake jira ba. Duk takun da ya ji sai ya juya kai. Da zan tafi ya ce, "Ke. In ya zo, kada wanda ya tada tsohuwar magana. Ku ba shi ruwa da sabulu kawai, ya san sauran."

Ranar sadakar uku aka yi addu'a aka watse. Duk shigowar ƙanena sai in dube shi, ya girgiza kai. 'Yan layi sun zo a ƙungiyance, sun yi fatiha a tsaye, har da mai cewa sun yafe masa, kamar shi ya ci musu wani abu. Baffa bai zo ba. Da la'asar na ja mayafina. Inna ta ce ina za ni, na ce yanzu zan dawo. Raina a ɓace yake, na tanadi maganganun da ko rabinsu bai kamata ɗiya ta faɗa wa sa'an ubanta ba.

Ban same shi a shagonsa ba. Na zagayo ta gaban namu, wanda ke kulle, sai ga shi a kan bencin. A gefensa na da ya zauna, ya bar na Baba. Ya tsufa fiye da yadda nake tsammani, hularsa ta yi masa yawa. A cinyarsa akwai baƙar leda. Na durƙusa na gaishe shi don ba a raine ni da rashin gaisuwa ba, amma ban sassauta murya ba.

"Baffa, an jira ka."

"Na sani, ɗiyata."

"Har rana ta take ana jiranka."

Ya buɗe ledar ya nuna mini. Sabulu ne sabo, da turare, da ɗan ƙyallen da ake naɗewa a hannu. Ya ce, "Ɗan aike na farko bai koma ba na sayo su. Na yi alwala, na taho. Na kawo bakin kwalbatin can na tsaya. Hannun da na hana shi yana da rai, da shi zan taɓa shi yana kwance bai iya cewa komi? Ƙafata ta ƙi."

Na ce, "Shi bai riƙe ka ba. Kai ne ka riƙe shi, a kan abin da ba laifi ba."

Ya rufe bakin ledar. Wata tirela ta wuce, ƙasa ta girgiza. Sannan ya ce, "Ran da aka ɗaura igiyar nan, da na bar nan a fusace, ta bayan gari na bi. Na iske ƙanenki yana kokawa da wasu yara sun tuɓe za su faɗa ruwa. Jikokina ne. Ni da kaina na ja su gida." Ya shafa gemunsa. "Tun ran nan na san ya yi daidai. Kullum sai in ce gobe zan zo in zauna nan in faɗa mashi. In na tuna idon 'yan layi, in ce bari sai jibi."

Duk maganganun da na tanado suka zube. Ban tausaya masa ba a lokacin, ba zan yi ƙarya ba. Abin da na gani kawai shi ne Baba a gefen bencin nan da kofinsa, shekara bayan shekara, kalma ɗaya yake jira, kalmar kuma tana nan bayan bango ɗaya, a bakin mutumin da yake jin tarinsa kullum. Na ce, "Baffa, da ka faɗa mashi." Ya ce, "Da na faɗa." Ya miƙo mini ledar, na rasa dalilin da ya sa na karɓa.

Na koma gida ana kiran magariba. Inna tana ɗakinta a kan tabarmar takaba, carbi a hannu. Na ajiye ledar a gabanta. Ta buɗe, ta ga sabulun, ta gane ba sai na yi bayani ba.

"Mi ya ce?"

"Ya ce Baba ya yi daidai. Ya ce tun ranar ya sani."

Ta mayar da sabulun cikin leda a hankali, ta ƙulle bakinta. Ta dubi ƙofar zaure, inda farar rigar Baba take rataye har yanzu. Sai a lokacin na ga hawayenta, karo na farko tun da na iso.

Ta ce, "To, je ki faɗa mashi mana."

Ya Allah, bawanka ne, bai taɓa jinkirta labarin da zai tsare rayuwar wani ba. Mu nasa labarin mun makara da shi. Ka isar masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba shi abokan zama a inda ya tafi.